Tabar da Tela Ke Shuka wa Yayansa

Tela bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Shi ya sa mutanen layinmu ke tsokanarsa duk shekara in ya fito da igiya da turaku yana awon bayan gidansa don dashen taba. Ni maƙwabciyarsa ce, shingen waya ne kawai ya raba mu, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani.

Yana ƙarami iyayensu suka rasu. Yayansa ne ya bar makaranta ya shiga tuƙin babbar mota, ya riƙe shi, ya kai shi koyon ɗinki, ya saya masa keken da har yau yake takawa. Da tsufa ya zo wa Yaya, bayansa ya ƙi dogon zama a mota, matarsa kuma ta rasu, sai Tela ya share masa ɗakin baya ya ce ya dawo nan. Yaya ya zo da akwati ɗaya da lofensa na shan taba. Kullum cikin ƙorafi yake, wai tabar kanti kamar kwali ake ƙonawa. Ƙorafin ne ya ishi Tela ya nemo iri.

Irin taba kamar ƙura yake. In sanyi ya fara janyewa, Tela yakan gauraya shi da yashi ya barbaɗa a tsofaffin tire, ya jera su a tagar shagonsa inda rana ke faɗowa. Kafin su isa dashe sai ya tsara filin. Da tef ɗin awon tufafi yake yi. Layukan daga arewa zuwa kudu, don kowane tushe ya samu rabonsa na rana. Bayan kowane layi biyu ya bar hanya mai faɗi, saboda ganyen in ya buɗe, ko gwiwa ta goge shi ya karye. Inda aka yi tumatir bara ba ya sa taba, ya ce ciwonsu ɗaya. Yaya kuwa yana kan kujerar roba yana ba da umarni kamar ana faka tirela.

"Ƙara baya! Ƙara! Ya isa haka, za ka daki katanga!"

"Yaya, turke nake kafawa, ba mota nake tuƙawa ba."

"Da mota ce ai da tuni ka kashe mu."

Bana tari ya kama Yaya tun cikin sanyi, muryarsa ta dushe ta ƙi dawowa. 'Yar autarsa, wadda ke aiki a kantin magani a ɗaya gefen gari, ta zo ta tafi da shi asibiti, aka riƙe shi. Tela ya ci gaba da shayar da irin, don a zatonsa mura ce ta yi ƙarfi.

Ina shanya ranar da Auta ta shigo bayan gidan ta same shi a durƙushe yana jan igiya.

"Baffa, me kake yi haka?"

"Layi nake fitarwa, 'yata. Irin ya kusa kai dashe. Ya jikin nasa?"

"Maƙogwaro ne, Baffa. Aiki za su yi masa." Ta dubi turakun. "Kai ka shuka, kai ka shanya, kai ka yanka masa ita a faranti. Shekara nawa ina magana ana ce min yarinya ce? Don Allah ka zubar da abin nan kafin ya dawo."

Tana fita ya zauna a ƙasa da igiyar a hannu, ya daɗe a haka. Can ya shiga shago ya kwaso tirensa, ya nufi kwandon shara, ya tsaya, sai ya juyo wajen shinge.

"Maƙwabciya, ajiye min waɗannan a wajenki. Ki riƙa yayyafa musu ruwa. Ko ki bar su su bushe. Wallahi ban san wanne nake so ba."

Na karɓa na jera su a barandata. A layukan da ya riga ya ja, ya shuka wake.

Yaya ya dawo ya rame, da ƙyalle a wuya, maganarsa sai ka kai kunne kusa. Ya fito filin bayan gidan ya dubi waken ya dubi ƙaninsa. Tela ya ce wani sanyi ne ya sauko ya ƙone irin gaba ɗaya. Bai iya ƙarya ba, yana faɗa yana kallon takalminsa. Yaya ya gyaɗa kai ya koma ɗaki. Ba a daɗe ba wata safiya ya dafa shingen zai gaishe ni, idonsa ya sauka a barandata. Ya tsaya yana kallon tiren, ya ɗaga min hannu, ya juya.

Daga ranar ya daina cin abinci tare da Tela. Matar Tela ta kai masa ɗaki, kwanon ya dawo kusan yadda ya tafi. Keken ɗinkin ma ya rage ƙara. Wata mata ta dawo da riga tana faɗa, an ɗinke mata hannu ɗaya a baibai, abin da bai taɓa faruwa a shagon ba. Sannan mai shagon kwanar layinmu ya tsegunta wa Tela cewa Yaya na zuwa sayen sigari kara-kara.

Tela ya same shi a filin bayan gidan, kan kujerarsa.

"Yaya, kashe kanka za ka yi? Sigari kuma?"

Sai da na daina wanki sannan na iya jin amsar.

"Da ka ce min ba za ka shuka ba, da na ji, filinka ne. Amma ka dube ni ka yi min ƙaryar da ake yi wa yaro?"

"Auta ta ce ni ne. Kuma gaskiyarta."

"Ina shan taba tun ba ka iya zura zare a allura ba. Ba kai ka ɗora min ba, ba kai za ka sauke min ba." Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Sun hana ni hayaƙi, sun hana ni magana. Zaman nan ina duba dashen taba kaɗai ya rage min, shi ma ka ɗauke."

Da yamma Tela ya zo karɓar tirensa. Irin ya wuce lokacin dashe, rabi ya yi rawaya, sauran sun yi tsawo sun langaɓe. Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce a'a. Ya ce in ya dasa ya zalunci 'yar, in bai dasa ba ya zalunci uban, kuma duk biyun suna da hakki a kansa.

Ya jira ranar da aka wayi gari da hadari, don kada rana ta kwantar da dashen. Ya tuge waken layi biyu na can ƙarshe, ya zurfafa ramukan ya binne dogayen kara har wuya. Yaya ya yi alkawarin barin sigarin kanti, ya zauna da sanda yana nuna inda layi ya karkace. Ranar ya cinye abincinsa.

Auta ta zo duba mahaifinta ta ga layukan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗakin baya ta haɗa akwatin, ta kira mota. Yaya bai yi gardama ba, ƙarfin gardamar babu. A bakin ƙofa Tela ya ce, "'Yata, ki tsaya ki ji."

"Na ji, Baffa. Sai anjima."

Tsutsa ta yanke wasu daga tushe, sauran suka kama. Yanzu ganyen ya kai gwiwa, kuma babu mai shan taba a gidan. Tela na shayar da su kafin ya buɗe shago. In ya kira waya, Auta ta ce Baba na barci, ko suna asibiti. Wani lokaci gaskiya ne.

Jiya ita ce ta kira. Tela ya zo bakin shinge da rigar fita, hular a hannu.

"Ta ce ya ƙi abinci, ni yake nema. Ta ce in zo, amma kar in zo da komai."

"To ka tafi mana, me ka tsaya yi?"

"Zai tambaye ni tabar. In na ce ta kama, zai so ya gani. In na ce ba ta kama ba..."

Na ce ya faɗi gaskiya, sauran ya bar wa Allah. Ya ba ni makullin filin bayan gidan saboda ban ruwa, ya wuce tashar bas yana sauri.