Tsagar da Yaya Sanusi Ya Gani Tun Ba Ta Fito Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau wani abu da ya nuna muna a zauren mahaifinmu bai bar ba ni mamaki ba.

Shekarar fari ce. Ruwa ya ɗauke gero na bunƙasa, rijiyoyin ƙauyenmu kusa da Tozai suka ƙafe. Tankin fiba guda da ke kan ƙarafa bisa rijiyar burtsatse shi ne ruwan shan gari duka.

Yaya ya zo hutu daga jami'a. Bincikensa a kan irin wannan fiba yake: zaren gilashi da ake jerawa shimfiɗa bisa shimfiɗa, a manne da ƙaro. Ya kewaya tankin, ya ƙwanƙwasa, ya auna, sannan ya zuba ma'aunan a kwamfuta. Muna kallo tankin ya bayyana a allo. Ya cika shi da ruwa na hoto, sai wani jan layi ya ɓullo a gindi, inda ƙarfe ke tokare, yana rarrafe tsakanin shimfiɗun yana raba su. Daga waje kuwa sumul.

Baba ya ce, "Subhanallahi! Wanga abu ya faru ko bai faru ba?"

"Bai ida faruwa ba, Baba. Amma in aka ci gaba da cika shi, za ya faru."

Faɗa wa masu ƙishirwa su bar cika tanki ba abu ne mai sauƙi ba. An yi musu ƙwarai, har mai gari ya yarda aka rage ruwan, aka shimfiɗa katako ƙarƙashinsa. Layin masu jarka ya ƙara tsawo, aka yi ta guna-guni, amma tankin ya kai mu damina. Ranar da aka sauke shi, na tura yatsuna daidai wurin da jan layin ya nuna. Suka shige tsakanin shimfiɗun.

Yau hasken rana ke tayar da famfuna daga Isa har Sabon Birni, ƙauyenmu kuwa rashin tsaro ya watse da rabinsa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Ina jin zai fara tambayar inda abin ya soma.

Ya rasu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Amma yaran da suka sha ruwan nan a goye yau sun zama samari da 'yan mata, ba su ma san sunansa ba. Allah ya jiƙan Yaya.