Nagoggo Mai Rijiya da Cokalin Malamai

Shekara talatin Nagoggo ya yi yana haƙar rijiya a Jibiya. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka ce sabon titi zai ratsa wata tsohuwar ganuwa, sai malaman jami'a suka ɗauke shi aikin tono kafin a rushe ta. Ranar farko ya haƙa rami mai zurfin gaba guda, ya watsar da tsingaron da ya tarar. Malaman suka dafe kai, ashe tsingaron suka zo nema. Suka karɓe digarsa, suka miƙa masa ɗan cokali. Wata uku yana durƙushe yana kankarar ƙasa, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Da katafila ta iso, kafin azahar ta share wurin. Nagoggo ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Ita ba wanda ya ba ta cokali."