Zacharias Tsakanin Jif da Salun

Zacharias ya zo Abuja tun garin yana jar ƙasa da ramukan gini, yana jan tifa daga bakin rafi zuwa inda ake ɗora tubalin ma'aikatu. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Pankshin, ɗan mai wa'azi, amma Hausarsa ta tashar mota ce, a Jos ya tsince ta. Da aikin tifa ya ja baya, wani ɗan cocinsu ya yi masa hanya ya samu tuƙi a wata ma'aikatar tarayya. Aka haɗa shi da wani matashin jami'i mai gilashi, Lukmanu, wanda a lokacin tsohuwar Fijo ce rabonsa, ita ma in ta kwana cikin ruwan sama sai an tura.

Tun daga nan ba su rabu ba. Lukmanu ya yi ta hawa. Ya je Makka ya dawo Alhaji, ya zama mataimakin darakta, ya zama darakta. Motoci suka yi ta canjawa, Zacharias yana nan bayan sitiyari, sai furfura da ta fara leƙowa da ciwon baya da ya zauna masa daram. Da sojoji suka koma bariki, kuɗin mai suka malalo, Abuja ta cika da jiniya da motoci masu baƙin gilashi. Aka yi gadoji, aka faɗaɗa tituna, amma hanyar Lugbe, inda ya gina ɗan gidansa, kullum ƙara yi masa nisa take. Yakan fito ladanin unguwa bai rufe baki ba, ya yi kokawar shiga bas, ya isa gidan Oga a Wuse ya wanke mota. Daga nan sai jira. Jira a gindin bishiya a sakatariya, jira a ƙofar otal in ana taro, jira a filin jirgi. Yakan ce jiran ya fi tuƙin cin jikin mutum.

Matarsa Monica tana dafa wa yara abinci a wata makarantar kuɗi a Lugbe. Ita ke shafa masa man zafi in ya dawo.

"Baban Kindness," takan ce, "wannan bayan naka ya gama da mota."

"Bari Oga ya yi ritaya," yakan ce.

Haka kuwa suka yi alkawari da Oga. In ya ajiye aiki, Zacharias ma zai bar ma'aikata ya koma yi masa tuƙi a gida. Aikin ba wani mai yawa ba: masallacin Juma'a, asibiti, gaisuwar biki ko ta rasuwa. La'asar ta yi masa a gida. Wannan alkawarin Zacharias yake taunawa duk sanda bas ta tsaya cak a cunkoson hanyar filin jirgi.

Ritayar na matsowa sai baƙi suka fara sintiri gidan Oga. Mutanen garinsu ne, can arewa, gari mai nisa da kwalta. Sukan zo mota cike, su zauna a falo su ci su sha, su ce Alhaji ne ɗansu da ya fi kowa sanin gwamnati, lokaci ya yi da zai fito takarar majalisar wakilai. Mai jagorantarsu ƙanin Oga ne, Wakili, ɗan kwangila mai yawan waya. Uwargida Hajiya Murja, wadda ke aikin harhaɗa magani a wani asibiti, ta san awon jinin mijinta fiye da shi, kuma ba ta ɓoye fushinta ba. Zacharias yana goge mota a tsakar gida yakan jiyo ta tana cewa, "Alhaji, waɗanda suke zuga ka ba su za su riƙe ka ba in ka faɗi."

Ana cikin haka maganar mota ta taso. Motar ofis za ta koma ofis, dole Oga ya sayi tasa. Ya daɗe yana sha'awar wata salun kirar Jamus, mai kwanciya a ƙasa, wadda yakan bi da ido duk sanda ta wuce su. Wakili ya ce sam. Ɗan takara ba ya shiga gari a motar da za ta daki cikinta a kwazazzabon farko, jif ce motar mutumin da ake son a gani daga nesa. Hajiya ta ce salun. Kowa a gidan ya san ba mota ake gardama a kai ba, har mai gadi.

Ran wata Asabar suka tafi wajen wani dillalin motoci a gefen hanyar filin jirgi, Oga da Wakili da Zacharias. Dillalin, Thaddeus, mutum ne mai fara'a da ƙaton agogo, Hausarsa ta Abuja, ba ruwanta da mace da namiji. Ya sa an wanke motocin biyu an jera su a rana.

"Oga, wannan salun yana tashi kamar jirgi," in ji shi. "Wannan jif kuma, ko dutse ka nuna mishi zai hau. Duka biyu na manya ne. Ka gwada, no wahala."

Aka fara da jif. Zacharias sai da ya kama marikin ƙofa ya ja jikinsa sama, bayansa ya amsa. Daga ciki kuwa duniya ta koma ƙasa. Kana hango rufin ƙananan motoci, 'yan acaɓa na darewa tun kafin ka danna oda. Ya sauke ta daga kwalta da gangan ya bi wata hanya mai ramuka, ta haɗiye su ba ko gezau. Wakili a baya sai dariya yake, yana buga kujera.

"Ka gani, Yaya? Ka gani? Wannan ko damina ta kai tsakiya sai ta kai mu har ƙofar gidan hakimi."

Da aka zo gwada salun, wayar Wakili ta yi ƙara, ya ce su je, zai jira. Oga ya buɗe gidan gaba ya zauna kusa da direbansa, abin da bai yi ba tun zamanin Fijo. Zacharias ya zauna, kujerar ta karɓi bayansa kamar an auna da shi. Ya tayar, bai ji ƙarar inji ba sai ɗan gurnani can ƙasa. Da suka hau babban titi ya ɗan taɓa totur, motar ta miƙe ta manne da kwalta, bishiyoyin gefen hanya suka zama kore ɗaya. Ya manta rabon da tuƙi ya yi masa daɗi haka. Ya ga kansa yana kai Oga masallaci ran Juma'a, ya dawo da shi, ya ajiye makulli rana ba ta faɗi ba.

"Tsaya nan, Zakka," Oga ya ce.

Ya gangara gefe ya tsaya a inuwar wata bishiya, ya bar sanyin mota a kunne.

"Wacce za mu ɗauka?"

Zacharias ya gyara zama. Ya ce jif ta fi ƙarfin ƙafa, kuma duk bakaniken da ke arewa ya san cikinta. Salun ta fi daɗin zama da saurin tashi, amma hanyar garinsu Oga za ta kashe ta a damina ɗaya.

"Wannan ai Thaddeus ma ya faɗa mini. Kai nake tambaya."

Zacharias ya dubi hannayensa a kan sitiyari. Shekaru da yawa yana cewa "to, Oga", har bakinsa ya saba. Sai ya ji maganar ta fito da kanta.

"Oga, ni dai na gaji."

Alhaji Lukmanu ya cire gilashinsa ya murza idanunsa. Ba gilashin, fuskarsa ta nuna tsufa sosai, ƙasan idanun ya kumbura.

"Ni ma, Zakka. Wallahi ni ma."

Manyan motoci na wucewa, iskarsu na ɗan girgiza salun ɗin. Zacharias ya fara jin wani sanyi a ransa, ya ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai Oga ya mai da gilashinsa.

"Na riga na amsa musu zan fito takarar. Tun makon jiya, a gaban dattawa. Hajiya ma ban gaya mata ba tukuna." Ya shafa fatar kujerar da tafin hannu. "So nake dai in zauna a cikinta sau ɗaya. Juya mu koma."

Jif aka saya, baƙa wuluk. Zacharias ne ya shigo da ita gida. Hajiya Murja ta leƙo ta taga, ta gan ta, ta saki labule.

Da ya gaya wa Monica, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "To ka ce masa ba za ka iya ba." Ya ce mutumin da ya tsaya masa lokacin da aka so korar direbobi daga ma'aikata, wanda ya je har Pankshin jana'izar mahaifinsa, ba zai bar shi a hannun baƙon direba a irin wannan tafiya ba. Ta ce ta ji, ta ɗauko man zafi.

Abin da ya biyo baya Zacharias ba ya son tuna shi dalla-dalla. Sun bi ƙauyukan da bai taɓa jin sunansu ba. An manne jif da fastoci har sai ya leƙa ta wani ɗan fili kafin ya ga madubi. Matasa kan ɗare bayanta da rufinta suna ihu, wani ya karya mata madubin gefe, wani ya zana sunansa da ƙusa a ƙofa. Ta tsallake rafuka, ta fito daga laka da ƙafafunta huɗu, duk abin da Wakili ya ce za ta yi ta yi. Shi kuwa direbanta a kujera yake kwana, abincinsa abin da ya samu, Lahadi ta zo ta wuce bai san ta zo ba. Ranar da 'yarsa Kindness ta gama makarantar koyon jinya, yana wani gari inda waya ba ta shiga, yana jiran Oga ya fito daga gaisuwar wani mai unguwa. Hoto aka nuna masa daga baya, tana sanye da farar riga, Monica a gefenta ita kaɗai.

Oga ma ya rame. Muryarsa ta dishe, ƙafafunsa suka riƙa kumbura, har sai Zacharias ya sa masa kafaɗa kafin ya hau motar. In sun bar taro yakan jingina kai ya rufe ido, Wakili na ta lissafa masa waɗanda suka yi alkawari.

Ba a ma kai ga zaɓen fid da gwani ba. Manyan jam'iyya suka kira taro a babban birnin jiha, suka ce an yi maslaha, Alhaji ya janye wa wani yaro ɗan gidan wani babba, a bari sai zagaye na gaba. Zacharias yana waje, ya ga Oga ya fito shi kaɗai, hularsa a hannu. Mutanen da suka cika motar da safe duk sun koma wajen wanda aka tsayar. Wakili ma ya ce zai biyo su daga baya.

Suka kamo hanyar Abuja su biyu. Sun wuce Kaduna kafin Oga ya yi magana daga kujerar baya.

"Zakka, ka yafe mini."

"Haba Oga. Ba komai."

"Da komai."

Zacharias ya san gaskiya ne, kuma bai ga amfanin a maimaita ba. Ya rage gudu saboda ramuka, ya miƙa masa ruwa.

Bayan 'yan makonni ya je ya sami Oga a falo, ya durƙusa, ya ajiye makulli a kan tebur. Ya ce bayansa ya ƙi, likita ya hana shi doguwar tafiya. Oga bai roƙe shi ba. Ya sallame shi sallama ta mutunci, Hajiya ta haɗa wa Monica kaya, ta rako shi har bakin ƙofa tana cewa, "Baba Zakka, Allah ya saka da alheri. Ka dawo mini da shi da rai, ya isa."

Jif ɗin ba ta daɗe a gidan ba. Wakili ya are ta zuwa wani ɗaurin aure a gida, daga nan wani ya are ta daga hannunsa, har aka daina tambaya. Oga bai sake sayen mota ba.

Monica ta yi magana da shugabar makarantarsu, aka ba Zacharias ƙaramar bas ta ɗaukar yara. Tafiyar duk a cikin Lugbe ce, lungu-lungu, ba gudu. Yaran na da surutu, bas ɗin na da hayaƙi, bayan kuma bai daina ciwo ba, sai dai yanzu da rana tsaka ya gama.

Wata rana Hajiya ta kira shi. Ta ce jinin Alhaji ya taɓa masa ido, an hana shi tuƙi, ita kuma aiki ba ya barin ta kai shi asibiti ranar da likitansa ke zama. Ko ya san wani direba mai hankali? Zacharias ya ce zai duba. Ya yi kwana biyu yana dubawa a ransa, bai ga wanda zai iya miƙa wa Oga ba. Ran Asabar ya shiga bas ya tafi Wuse da kansa.

Haka suke yi har yanzu, in jikin Zacharias ya yarda. Yakan ɗauki ƙaramar motar Hajiya, ya kai Alhaji asibiti, ya zauna tare da shi a kan benci har a kira sunansa. Wani lokaci likitan kan dubi yadda Zacharias yake tafiya a karkace ya ce, "Baba, kai ma shigo in duba ka." Yakan ce wani zuwan. A hanyar dawowa sukan tsaya su sayi ayaba da gyaɗa, Alhaji ya ɓare ya miƙa masa, su ci suna tafe a hankali, masu sauri na ta danna musu oda suna wucewa.