Harisu Ba Ya Kuskure

Shekara talatin Harisu bakanike yana kwance ƙarƙashin motocin Zongo, ko sau ɗaya bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba. Da Malam Sabitu ya kawo tsohuwar motarsa ƙirar Bitil tana gurnani, Harisu ya kwance haƙoran da ke juya tayoyin baya, ya wanke, ya mayar da babban a juye. Malam ya sa giya ta ɗaya zai tafi kasuwar Hédzranawoé, sai mota ta zabura baya, ta ture teburin mai koko.

"Harisu, wane irin gyara ne wannan?"

Harisu ya goge hannu. "Malam, shekararta hamsin fa. Wa ya kai hamsin bai so komawa baya ba?"