Ranar da Masu Awo Suka Kife Mudu

Wata rana, a wata kasuwar hatsi da ba sai na faɗi sunanta ba, mata masu awo suka kife mudunsu.

Dalili? An sake ƙara musu harajin rumfa. Su kuwa manyan dillalai, motocinsu na fita da buhuna tuli, ba mai tambayarsu ko sisi.

Sai matan suka ce ba awo ba sayarwa, har sai an ji kukansu.

Sallau shi ne mai karɓar haraji a layinsu. Aikinsa sananne ne: wadda ba ta biya ba, ya ɗauke mudunta. Mai awo kuwa in ba mudu, ranar sai dai yara su kwana da yunwa.

Da wannan aiki yake riƙe da mata da 'ya'ya. Da ƙyar da jiɓin goshi ya same shi.

Ogansa ya miƙo masa buhu, ya ce duk mudun da ya gani a kife ya kwashe. In ba zai iya ba, ya ajiye rigar aiki.

Ya shiga layi yana kwasa.

Ba wadda ta zage shi. Kallonsa kawai suke yi. Wallahi da zagin ya fi masa sauƙi.

Har ya kai rumfar ƙarshe.

Inna Tabawa ce a zaune. Mahaifiyarsa.

Shi ne ɗanta na fari, don haka saboda kunya ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye a cikin mutane.

Ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, don girman Allah ki buɗe mudun nan. Ko na yau kaɗai."

Ba ta dube shi ba. Ta juya wajen maƙwabciyarta.

"Kande, gaya wa ma'aikacin gwamnati ya ɗauka. Gwamnati tana da haƙƙi, ba mu ƙi ba. Amma ki tambayar min shi: mu kaɗai ta haifa?"

Daidai lokacin wata babbar mota ta doshi ƙofar kasuwa, maƙare da masara.

Sallau ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Ya ajiye buhun a gaban matan. Ya tafi ya tsaya a gaban motar, ya ce ba ta fita sai an biya harajinta kamar kowa.

Direba ya yi dariya, ya kira maigidansa a waya. Maigidan ya kira wani babba. Kafin la'asar an karɓe rigar Sallau.

Kuna jira in ce an rage harajin, ko? Ba a rage ba. Yunwa ta sa matan suka koma awo.

Sallau yanzu turin baro yake yi a kasuwar, yana dakon buhunan dillalan nan. Kowace safiya wanda ya gaje shi yana zuwa karɓar harajin baron.

Yana biya. Ya ce dai yanzu yana iya cin tuwon gidan Inna ba tare da ya tsaya masa a wuya ba.

Darasi: Talaka bai ƙi haraji ba, bambanci ya ƙi. In za a ɗora kaya, a duba wuyan da zai ɗauka. Kuma gaskiya takan raba mai ita da aikinsa, kada wani ya ruɗe ka.

In ka san mai ƙaramar sana'a da ake tatsa kullum, tura wannan gaba. Wataƙila ya kai ga kunnen masu yanka harajin.