Daren da na ce wa kiwi ya ba da hanya

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina yagewa. Amma tunda labarin ya riga ni isa unguwar Ka'akiyya a nan Makka, gara abokan aiki su ji shi daga bakina.

Aikina tura arabiyya ne, wato keken da ake ɗora tsofaffi a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Shekara goma sha tara ina yi. Babbar ƙa'idarmu ita ce kada keke ya taɓa diddigen kowa. Da ka ga ƙafa a gabanka sai ka ɗaga murya, "Ɗarig, ya Hajji", wato a ba da hanya.

Daren da ya ƙi barin raina a watan Safar ne. Alhaji Salihu na unguwar Zahir, dattijon da nake turawa duk Juma'a, ya tafi da ni New Zealand wajen ɗansa mai karatu. Ganinsa yana raguwa, ya ce kafin ya ƙare yana so ya ga kiwi, tsuntsun can da ba ya tashi sama, ba ya fitowa sai dare. Dare biyu muka shiga daji ba mu ga komai ba. Na uku shi ne na ƙarshe.

Matar da ke mana jagora ta faɗi doka, ɗan Alhaji ya fassara: ba farar fitila sai ja, ba magana. Na sa ya maimaita mini har sau huɗu. Na shafa wa ƙafafun keken man zaitun don kada su yi ƙara. Tarina ma haɗiye shi nake yi.

Can sai muka ji ganye na motsi. Ga shi ya fito kan hanya, girman kaza, ba wutsiya, yana caka dogon bakinsa a ƙasa yana huci. Ya nufo ƙafar keken kai tsaye.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ɗarig, ya Hajji!"

Ya ba da hanya kuwa. Bai dawo ba.

Matar ta kalle ni. Na durƙusa gefen keken, na tambayi Alhaji.

"Baba, ka gan shi?"

"Na ga bayansa, Isa," in ji Alhaji. "Shekara nawa kana tura ni, me ka taɓa nuna mini in ba bayan mutane suna gudu ba?"

Ya yi dariya har da hawaye. Ni ban iya ba.

Na gane mu masu arabiyya bakinmu yana riga hankalinmu aiki. A Harami hakan na ceton diddigen bayin Allah, a daji kuwa ɓarna ce.

Abu ɗaya ke hana ni barci. An ce lokacin kwanci ne, kuma namijin ne ke kwanciya kan ƙwai. Ni da ko tattabarar Makka ban taɓa kora ba. Don Allah, wanda ya san halin tsuntsun nan ya sanar da ni: in an firgita shi, yana komawa kan ƙwansa?