Zoben da Ke Ƙafar Tsuntsu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da aka ɗora mini mataccen tsuntsu a tafin hannu a wani ƙauye kusa da Hunkuyi.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na gama jami'a aka turo ni aikin duba dabbobi. A kakar shekarar cuta ta faɗa wa shanun Fulanin da ke bakin fadama, suna ta mutuwa. Wata safiya dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da jama'a a ƙofar gidansa, tsohon maƙerin garin yana durƙushe a tsakiya.

Ardon Fulanin ya miƙo mini mataccen tsuntsun. Ɗan ƙarami ne, cikinsa rawaya, bayansa toka-toka da ɗan kore, bakinsa siriri, jelarsa doguwa. Na san irinsa. Su ne ke yawo tsakanin ƙafafun shanu suna cafke ƙuda da ƙananan ƙwari, jela na sama tana ƙasa, kuma takawa suke yi, ba tsalle ba. Amma wannan akwai ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa, da rubutu.

"Kusa da saniyata da ta mutu na tsince shi," in ji Ardo, yana nuna maƙerin. "Wa ke sarrafa ƙarfe a garin nan in ba shi ba? Bara ma mun yi cacar baki a kan gonarsa, shi ya sa ya yi wa shanunmu asiri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan tsuntsu baƙo ne. Daga ƙasashen Turawa yake ketaro hamada in damina ta wuce, ya koma kafin ruwa ya sauka. Masu bincike a can ne ke sa musu zobe don su san inda suke zuwa. Ba ruwansa da cutar shanu."

Wani ya tuntsire da dariya. "Wannan ɗan abin ne zai ketare hamadar da ke kayar da raƙumi?"

Dagaci ya dube ni. "Malam, ka taɓa ganin ana sa musu da idonka?"

Har yau tambayar nan tana hana ni sukuni. Ban iya ƙarya ba. Na ce ban gani ba, karantawa na yi, amma ina da yaƙini. Ina jin babu wanda ya ji rabin maganar na ƙarshe.

Maƙerin ya ɗago hannuwansa masu kanta. "Ɗana, nuna musu. Yatsun nan za su iya ƙera abu siriri haka? Ni ko baƙi ban sani ba." Na nuna, na sake bayani har muryata ta dushe. Dagaci bai yanke masa hukunci ba, amma daga ranar babu wanda ya sake kai masa fartanya ko lauje. Ko gaisuwarsa aka daina amsawa. Kafin bazara ya ɗaure zugazugansa a jaki ya nufi wajen Malikanchi, can aka ce ya rasu.

Da kaka ta zagayo tsuntsayen suka dawo fadama, suna kaɗa jela a gindin shanun da muka yi wa allura, lafiyarsu ƙalau. 

Wataƙila da na ce na gani, da ya mutu a ɗakinsa. Ban sani ba. Abin da na koya dai shi ne, mutumin da asara ta firgita ba bayani yake nema ba, wanda zai nuna da yatsa yake nema.